Damun ƴaƴan itace domin jarirai da ƙananan yara

Jariri yana zuwa duniya da abincinsa. Abincin nan shi ne nonon uwa. Daga ranar haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ba ya bukatar kunu, ba ya bukatar bauri. Ko ruwa ma ba ya bukata, ko da a watan Afrilu ne, lokacin da zafi ya fi tsanani. Nonon uwa kansa galibinsa ruwa ne, wajen kashi 87 cikin 100, kuma ruwa ne mai tsabta wanda bai bi ta rijiya ko tulu ba. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta tsai da wannan shawara: nono zalla har wata 6, daga nan a ƙara da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Da yaro ya cika wata 6 sai al'amari ya sake. Nauyinsa ya ninka na ranar haihuwa. Ya fara zama, yana bin kwano da ido, yana kai hannu ga abin da manya ke ci. Sinadarin ƙarfe da ya zo da shi daga cikin uwa, wanda jiki ke yin jini da shi, ya kusa ƙarewa. Nono yana nan da amfaninsa, amma ba ya isa shi kaɗai. Daga wannan lokaci har shekara 2 ne yara suka fi faɗawa cikin tamowa. Sau da yawa kuwa ba don rumbu ya ƙare ba ne. Abin da ake ba yaron ne ruwa ya yi masa yawa.

Ƴan makaranta da yawa suna da ƙane ko ƙanwa a gida. In uwa ta tafi rijiya, ko gona, ko kasuwa, su ne ke goyo, su ne ke riƙe da kofin kunu. Saboda haka wannan sani ba na uwaye kaɗai ba ne.

Ƙaramin ciki

Cikin yaro ƙarami ne ƙwarai. Yaro mai wata 9, wanda nauyinsa ya kai kilo 8, cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 240 a zama ɗaya. Watau bai kai rubu'in lita ba. In an cika wannan ɗan wuri da ruwa, to babu inda abinci zai shiga.

Masana suna auna ƙarfin abinci da wani ma'auni da ake kira kalori, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Mililita 100 na nonon uwa yana da kalori wajen 65 zuwa 70. Mililita 100 na kunu mai ruwa-ruwa, irin wanda ake kurɓa daga ludayi, sau da yawa bai wuce kalori 40 ba. Ashe ke nan kunun da aka ba yaro don ya ƙara ƙarfi bai kai nonon da ya tare wa wuri ba.

Ga lissafin. Ban da nono, yaro mai wata 6 zuwa 8 yana bukatar kalori 200 a rana daga abinci. Mai wata 9 zuwa 11 yana bukatar 300. Mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar 550. In da kunu mai ruwa za a biya wa ɗan shekara ɗaya bukatarsa, sai ya sha mililita 1375 kowace rana, kusan lita ɗaya da rabi. Ba zai iya ba. Zai sha, cikinsa ya yi tim, ya kau da kai, kowa ya ce ya ƙoshi. Alhali kuwa jikinsa yunwa yake ji. Haka zai yi ta yi, mako bayan mako, har hannuwansa su fara sirancewa.

Maganin wannan shi ne a tara abinci mai yawa cikin wuri kaɗan. Abin da damu ke yi ke nan.

Mene ne damu?

A manyan birane kamar Yamai akwai masu sayar da wani abin sha mai kauri. Suna zuba mangwaro ko ayaba ko gwanda cikin injin markaɗe mai aiki da lantarki, su ƙara madara, injin ya juya har ya yi sumul. Turawa suna kiransa sumuti. Sunan ne baƙo, aikin ba baƙo ba ne. Duk macen da ta iya dama fura da nono ta iya shi. Kayan aikinsa suna cikin kowane gida: turmi ƙarami, rariya, maburgi, cokali, da kwano mai murfi. Injin yana rage wahala, amma ba ya ƙara wa abinci kome.

Sai dai damun jariri ya bambanta da furar manya. Furar manya tana da tonka da citta da kanumfari, kuma ana tsinka ta da ruwan randa don ta kashe ƙishirwa. Damun jariri ba yaji, ba ɗanyen ruwa, kuma mai kauri ne. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗebo shi da cokali, a karkata cokalin. In ya zube nan da nan kamar ruwa, ya yi tsinki. In ya tsaya, sa'an nan ya zamo a hankali, ya yi daidai. Shi ya sa jariri ba shan damunsa yake ba, ci yake da cokali.

Ana gina damu bisa kunu mai kauri, na hatsi, watau gero, ko na dawa, wanda ya dahu sosai. Shi ke ba da ƙarfi. A kansa ake ɗora ɗan itace nunanne, ko kayan lambu dafaffe. Sa'an nan abin da ke gina jiki, kamar kindirmo, ko ƙwai, ko garin wake. Daga ƙarshe maiƙo: gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa, ko riɗi, ko man shanu, ko man gujiya.

Maiƙon nan shi ne aka fi mantawa, shi ne kuwa ya fi kome tara ƙarfi. Ƙaramin cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 40. Watau wannan ɗan cokali daidai yake da mililita 100 na kunu mai ruwa. Babban cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gujiya yana da wajen 90. Har wa yau maiƙo yana da wani aiki. Mangwaro da gwanda da kabewa da karoti suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Bitamin A yana tsare ido daga dundumi, watau rashin gani da almuru, yana kuma taimakon jiki wajen yaƙi da ƙyanda da zawo. Amma hanji ba ya tsotse shi da kyau sai akwai maiƙo tare da shi. Mangwaro da gujiya tare sun fi mangwaro shi kaɗai.

Kowane lokaci da nasa

Ba lalle ba ne a sayi ayaba ko tuffa da aka kawo daga nesa da tsada. Ƙasar Nijar tana da nata, sai dai kowane da lokacinsa. Da bazara, daga watan Maris zuwa Yuni, mangwaro yana cika kasuwanni, har wani yana ruɓewa a ƙasa. Da kaka akwai kabewa da dankali, da sabuwar gujiya da sabon wake. Da ɗari lambuna suna ba da karoti da tumatir, lemu kuma yana saukowa daga lambunan Timiya, cikin duwatsun Ayar. Dabino yana zuwa daga Bilma da Ingal, kuma yana ajiyuwa shekara. Zogale yana nan kusan kullum a fadamun Gulbin Maraɗi da bakin kogin Isa a Yamai. Gwanda ma, in ana ba ta ruwan wanke-wanke a bayan ɗaki, ba ta da lokaci.

Ƴaƴan kuka sun cancanci a tsaya a kansu. Suna bushewa bisa itace da rani, ba mai ban ruwa, ba mai taki. Farin garin da ke cikin ƙwaryar ya fi lemu bitamin C nesa ba kusa ba. Bitamin C kuwa yana taimakon hanji ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi da wake, wanda in ba haka ba yawancinsa wucewa yake yi. Ana jiƙa ƴaƴan kukar cikin tafasasshen ruwa da ya huce, a murje, a tace da rariya don a fid da ƙwallaye da zare. Ba a dafa shi, domin wuta tana kashe bitamin C. Ana zuba shi ne daga ƙarshe, in kunu ya huce. Gwaba ma haka take, sai dai dole a tace ƙananan ƙwayoyinta masu tauri.

Lokacin da ya fi wuya shi ne damina, daga Yuni zuwa Satumba. Rumbu ya yi ƙasa, uwaye suna gona, zazzaɓin sauro da zawo sun yawaita. Gida mai dabara tun bazara yake shiri. Ana yanka mangwaro sirara-sirara, a shanya bisa tabarma mai tsabta, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda, a ajiye cikin tulu mai murfi. In an tashi aiki da shi, sai a jiƙa, a tafasa kaɗan, a murje. Ganyen zogale shi ma ana shanya shi, amma a inuwa, don rana tana cinye amfaninsa. In ya bushe a daka, a tankaɗe.

Yadda ake yi

Ga damun mangwaro na yaro mai wata 9.

Da farko mai damu ta wanke hannuwanta da sabuni, ta wanke kwano da cokali da rariya. Ta ɗebi garin hatsi babban cokali 2 a cike, ta kwaɓa da ruwa kaɗan, ta zuba cikin tafasasshen ruwa wajen rabin kofi. Ta ƙara markaɗaɗɗiyar gujiya ƙaramin cokali ɗaya ko biyu. Ta yi ta juyawa bisa wuta marar ƙarfi, wajen minti 10, har garin ya dahu. Ta sauke, ta rufe.

Kafin ya huce, ta wanke mangwaro nunanne, ta feraye, ta yanko tsokar ɓari ɗaya. In mai aure ne, wanda ba shi da zare, bayan cokali ya isa ya murje shi. In ɗan gida ne mai zare, sai ta matse shi ta cikin rariya. Ta zuba cikin kunun, ta ƙara kindirmo babban cokali 2, ta burga da maburgi har ya haɗe. Ta ɗiga kaɗan a bayan hannunta don ta ji zafinsa. Wannan damu bai cika kofi ba, amma ƙarfinsa ya ninka na kunu mai ruwa, ga kuma bitamin, ga abin gina jiki.

In ba mangwaro, gwanda ko ayaba suna shiga wurinsa. In ba ɗan itace ko ɗaya, a dafa kabewa ko karoti ko dankali mai jan ciki har ya yi laushi, a murje. Irin wannan damu na kayan lambu ya fi karɓar ƙwai dafaffe, ko hanta dafaffiya da aka daka, ko garin busasshen kifi da aka tankaɗe aka fid da ƙaya. Babu abin da ya kai hanta da nama da kifi wajen ba yaro sinadarin ƙarfe. Ɗan yanki kamar babban yatsa ma ba kaɗan ba ne. Garin zogale ƙaramin cokali ɗaya ana zuba shi cikin kunu tun yana bisa wuta.

Wasu suna hana yaro ƙwai, wai zai yi sata in ya girma. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba. Da damina, lokacin da zabi ke zuba ƙwai, shi ne abin gina jiki mafi araha a ƙauye. A dafa shi har ya yi tauri, a murje duka, fari da gwaiduwa.

Wake ma yana da kyau, amma yana son aiki. Ana jiƙa shi, a cire ɓawo, a shanya, a soya sama-sama, a niƙa. Ana iya haɗa garinsa da na hatsi tun da wuri, awo 3 na hatsi, awo 1 na wake, a ajiye na mako guda. Irin wannan haɗi ne ake sayarwa cikin leda. Garin Misola, alal misali, wanda aka fara yi a 1982 a Fada Ngurma, cikin ƙasar da ake kira Burkina Faso yau, hatsi ne da waken soya da gujiya.

Gujiya sai an zaɓe ta ɗaya-ɗaya. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko take da ɗaci, a zubar. Fumfunar gujiya tana haifar da wata guba da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ba a ba ƙaramin yaro ƙwayar gujiya, don tana iya shige masa maƙogwaro ta toshe numfashi. Sai markaɗaɗɗiya, ko garin ƙuli-ƙuli marar yaji.

Dabarar tsiro

Akwai wata matsala. In an zuba gari da yawa, kunu ya kan yi kauri har ya koma kamar tuwo, jariri mai wata 6 ya kasa haɗiyewa. Nan ne uwa ke kai hannu ga moɗa ta ƙara ruwa, aiki ya koma baya. To, akwai hanyar da za a sassauta kunu ba da ruwa ba. Masu kunun zaƙi sun daɗe da saninta. Ita ce garin tsiro.

Ana jiƙa hatsi ya kwana cikin ruwa. Da safe a tsame, a baza bisa jiƙaƙƙen buhu mai tsabta, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 2. Ƙwayoyin za su fid da ƴan saiwoyi. Sai a shanya a rana ya bushe ƙayau, a murje da tafin hannu, a sheƙe saiwoyin da tsiron su fita, a niƙa ƙwayar. In da dawa aka yi, wannan sheƙewa wajibi ce, domin tsiron dawa yana da guba. Makiyaya sun san haka, shi ya sa ba su barin dabba ta ci ƙaramar dawa.

In kunu mai kauri ya dahu, a sauke, a bari tururinsa ya ragu kaɗan. A barbaɗa garin tsiro ƙaramin cokali ɗaya, a juya, a rufe. Kafin minti 10 kunun ya saki, ya yi laushi, ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba. Sai a mayar da shi bisa wuta ya sake tafasa, domin garin tsiron ɗanye ne.

Me ya faru? Ƙwayar da ke tsirowa tana yin wani sinadari mai suna amilas. Aikinsa ya yayyanka sitacin da ke cikin ƙwaya ya zama zaƙi, don ɗan tsiro ya ci. Sitaci shi ke riƙe ruwa ya sa kunu kauri. In amilas ya yanke shi, kunu ya saki, amma ƙarfin abincin yana nan bai tafi ko'ina ba. Har ɗan zaƙi yake ƙarawa. Wannan sinadari akwai shi cikin miyau ma. Shi ne dalilin da ya sa kunu ke tsinkewa in an lashi cokali an mayar cikin kwano. Kowane yaro ya taɓa ganin haka.

Nono, ruwa da ƙuda

Ba kowane nono ne ya dace da damun jariri ba. Nonon da ake sayarwa don fura an riga an kaɗe shi an cire mai. Da rani kuma, in shanu ba su da nono, wasu sukan ƙara masa ruwa da garin kuka don ya yi auki. Wanda ake so shi ne kindirmo, mai mansa, wanda aka dafa madararsa kafin ta yi barci. Madarar saniya ko ta akuya da aka tatso yanzu, sai an tafasa ta. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga dabbobi. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi kuwa, wadda masu shayi ke zubawa, sukari ya yi mata yawa. Ba abincin jariri ba ce.

Duk ruwan da zai shiga damu a tafasa shi. Damu ba ya jira. Yana da madara, yana da zaƙi, ga zafin ƙasa: babu wurin da ƙwayoyin cuta suka fi so. A cikin irin wannan abinci adadinsu yana iya ninkawa kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya da safe, kafin azahar ta zama dubbai, alhali ido bai ga kome ba, hanci bai ji kome ba. Saboda haka a gidan da ba firigo, abin da yaro zai ci yanzu shi ake damawa. In ya yi awa 2 a ajiye, ba na jariri ba ne kuma. Zawo guda ɗaya yana iya kwashe ƙibar da yaro ya yi wata yana tarawa.

Zuma abinci ce mai kyau, amma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Wani lokaci tana ɗauke da ƙwayar wata cuta da hanjin jariri bai iya kashewa ba, mai sa jiki ya saki, yaro ya kasa tsotso, har numfashi ya gagara. Sukari ma ba a bukatarsa. Zaƙin mangwaro ya isa. In ana son ƙari, a jiƙa dabino 1 ko 2 cikin ruwan zafi, a cire ƙwallo, a murje. Yaron da ya saba da sukari tun yana goye ya kan ƙi abincin da ba shi da zaƙi, haƙoransa kuma su ruɓe tun suna sababbi. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Lemun kwalba ruwa ne da sukari da launi, ko da an zana ɗan itace a jikin kwalbar. Ko ruwan lemun da aka matse a gida bai kai tsokar ɗan itacen ba.

Ba da abinci

Ranar farko cokali 2 ko 3 sun isa, bayan yaro ya sha nono. Zai ɓata fuska, ya turo da harshe. Ba ƙi ba ne, bai saba ba ne. Wani sabon abinci sai an gwada sau 8 ko 10 kafin yaro ya karɓa. Ana shigo da sababbin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. In bayan cin ƙwai ko gujiya ko madara jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ko leɓensa ya kumbura, ko ya yi ta amai, ko numfashinsa ya sake, a daina, a kai shi gidan likita nan da nan.

Mai wata 6 zuwa 8 yana ci sau 2 ko 3 a rana, ana ƙarawa sannu-sannu har rabin kofi. Daga wata 9, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Bayan shekara ɗaya yana iya cinye kashi uku cikin huɗu na kofi, ko kofi guda. A ba shi kwanonsa shi kaɗai. In an haɗa shi kwano da yayyensa, ba mai sanin abin da ya ci, kuma hannunsu ya fi nasa sauri.

A zaunar da shi, a dube shi, a yi masa magana, a jira ya haɗiye. Ɗura mugun abu ne. In aka kwantar da yaro aka toshe masa hanci aka zuba masa kunu, yana kuka yana shaƙa, kunun yana iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu. Daga nan sai ciwon haƙarƙari, wani lokaci ma mutuwa nan take. Kwalba mai kan roba, watau bibaro, ita ma ba ta dace ba. Wankinta da wuya, ƙuda na sonta, kuma abu mai ruwa kaɗai ke bi ta ƴar ƙofarta. Kofi da cokali sun fi.

Damu mataki ne, ba wurin zama ba ne. Yaro yana bukatar ya koyi tauna. Daga wata 8 a daina tacewa sumul, a bar ƴan gudaji masu laushi, a miƙa masa yankin ayaba ko dafaffen dankali ya riƙe da kansa. Yaron da aka bari bisa abu mai sumul har ya wuce wata 10 ya kan yi wuyar karɓar tuwo daga baya. In ya shekara, abincin gida shi ne abincinsa: tuwo da miya, shinkafa da wake, dambu, a rage yaji. Damu sai ya koma abin tsakani, da hantsi ko da la'asar. A wannan lokaci ana iya sassauta shi da kindirmo ya sha da kofi, amma ba dab da cin tuwo ba, don kada ya cika masa ciki.

Yaye, ciwo da awon hannu

A 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a Ankara, babban birnin Gana na yau, ta rubuta bayanin wata cutar yara da sunan da mutanen wurin, Ga, ke kiranta: kwashiyoko. Ma'anarsa ciwon yaron da aka ture saboda an sami ƙane. Ta lura yaran da ke kamuwa an cire su daga nono an bar su da kunun masara zalla. Ƙafafunsu su kumbura, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu ta riƙa saɓulewa.

Haka yake faruwa ko'ina aka yaye yaro rana ɗaya, don uwa ta sami ciki, aka kai shi wurin kaka bai saba da wani abinci ba. Yaron da tun wata 6 ya san cokali, ya san ɗanɗanon gujiya da kabewa da kindirmo, yaye ba ya kayar da shi. Ciki kuma ba ya ɓata nono. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa, in dai tana cin abinci sosai.

In yaro ba shi da lafiya ba a hana shi abinci. Mai zawo a ƙara masa nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki da ake samu a gidan likita, a ci gaba da ba shi damu kaɗan-kaɗan, sau da yawa. In ya warke a ƙara masa ci ɗaya bisa na kullum har mako 2, don ya mai da abin da ya zube.

Akwai ɗan ma'auni na roba mai launi uku da ake ɗaura wa yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 a tsakiyar damtse. In ya nuna tsanwa, watau fiye da milimita 125, lafiya lau. In ya nuna rawaya, tsakanin 115 da 125, tamowa ta fara. In ya nuna ja, ƙasa da 115, ta yi tsanani. A shekarun 2013 da 2014 an koya wa dubban uwaye wannan awo a gundumar Mirya, cikin jihar Damagaram, aka ga sun iya shi sarai, ko da ba su yi karatu ba. Akwai kuma gwajin kumburi. A danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna, alama ce mai haɗari.

Yaron da ya kai ja, ko mai kumburi, damun gida ba ya isarsa. Sai gidan likita. Can ake ba da wani abinci na musamman cikin ƴar leda, mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. A 2005, shekarar da fari da fara suka jawo yunwa a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, yawancinsu a jihar Maraɗi, kuma da wannan abinci akasarinsu suka warke a gidajensu. Abin da ke cikin ledar ba baƙo ba ne: markaɗaɗɗiyar gujiya, garin madara, mai, sukari, da bitamin. Nauyinta giram 92 ne kawai, amma tana da kalori 500, domin kusan babu ruwa a cikinta ko kaɗan. Likita yana ƙirga ledojin ne bisa nauyin yaron da ke ciwo. In yayyensa suka sha ɗaya, ko aka kai ɗaya kasuwa, to a jikinsa za ta fita ranar awo.